Hali Zanen Dutse: Sharhi a kan Littafin Yunusa

Gwaggona ta yi shekara shida tana yi wa ɗanta addu'a kowace asuba. Yaron ya faɗa shan ƙwaya tun yana da shekara sha bakwai, ya sayar da babur ɗin da mahaifinsa ya bari, daga baya ya bar Maradi ko sallama babu. Na san ranar da ta daina addu'ar, domin ina hango ta daga ɓangaren maza a majami'a. Wani baƙon mai wa'azi ne ya zo mana, ya karanta rabin aya daga littafin Malakai, inda Ubangiji ya shaida wa mutanensa cewa shi ba ya sakewa, sannan ya ɗora wa'azin sa'a guda a kanta. Abin da ya fitar shi ne, abin da Allah ya yanke ya yanku, wanda aka rubuta wa hallaka ko an cika rijiya da hawaye ba zai tsira ba, don Allah ba mutum ba ne balle a lallashe shi. Jama'a suka yi ta amin. Da muka fito na ce, "Gwaggo, yaya kika ji wa'azi?" Ta ce, "Kai ɗan nan, ashe duk shekarun nan surutu nake damun Allah da shi." Ta gyara lulluɓinta ta wuce gida. Daga ran nan ba a ƙara jin muryarta da asuba ba.

Ba zan ce mutumin ya ƙirƙiro koyarwar daga kansa ba. Dawwamar Allah da rashin sakewarsa suna cikin ginshiƙan Littafi Mai Tsarki. Zabura ta 90 ta sa shi kafin haihuwar duwatsu. Zabura ta 102 ta kwatanta sammai da tufar da ke tsufa a sauya ta, shi kuwa yana nan yadda yake. Wasiƙar Yakubu ta kore masa ko inuwar juyawa, wasiƙar Ibraniyawa kuma a sura ta 13 ta faɗi irin wannan game da Yesu Almasihu. Babu Kiristan da zai musa. Tambayata ita ce, mene ne ainihin abin da ba ya sakewa? A ganina babu inda aka ɗauki wannan tambaya da gaske kamar ɗan ƙaramin littafin Yunusa, shi ya sa nake so mu duba shi yadda ake duba kowane labari da aka tsara da gwaninta.

Littafin sura huɗu ne, aya 48 kacal, ana karance shi kafin shayi ya huce. Yana cikin littattafan ƙananan annabawa goma sha biyu na Tsohon Alkawari, amma ya bambanta da 'yan'uwansa. Su tarin jawaban annabci ne, shi kuwa labari ne a kan annabin kansa. An ambaci Yunusa ɗan Amittai a littafin Sarakuna na biyu, sura ta 14, a zamanin sarki Yerobowam na biyu na Isra'ila, wato ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. Nineba, birnin da aka aike shi, babban birnin Assuriyawa ne, kangonsa yana nan a bakin kogin Dijla daura da Mosul ta ƙasar Iraƙi. Assuriyawan nan su ne suka ci Samariya wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, suka kwashe mutanen Isra'ila ta arewa zuwa bauta. Don haka duk Ba'isra'ilen da ya ji sunan Nineba, gabansa ne ke faɗuwa. Masu karatu Musulmi ba baƙi ba ne ga Annabi Yunusa, Alƙur'ani ma ya ambaci mutanensa a matsayin al'ummar da imaninta ya amfane ta har aka yaye mata azaba. Ni dai a nan zan tsaya ga nassin Littafi Mai Tsarki, shi ne aka yi wa gwaggona wa'azi da shi.

Abu na farko da mai karatu zai lura da shi, in ya ajiye batun kifi gefe, shi ne kowa da komai a labarin nan yana juyawa. Teku tana kwance ta hautsine, ta sake kwanciya. Matuƙan jirgi sun fara da kiran allolinsu, suka ƙare da yi wa Ubangiji hadaya da wa'adi. Kifi ya haɗiye, ya amayar. Sarkin Nineba ya sauko daga gadon sarauta, ya tuɓe alkyabba, ya zauna cikin toka, har dabbobi aka sa wa tsummoki aka hana su ci da sha. Tsiro ya fito a dare ɗaya ya bushe washegari. Marubucin ya yi amfani da kalmar Ibrananci guda sau huɗu wajen faɗin yadda Allah ya tanadi kifi, da tsiro, da tsutsa, da iskar gabas mai zafi, kuma kowannensu ya yi aikin da aka sa shi ba gardama.

Mutum ɗaya ne tak bai juya ba daga farko har ƙarshe, shi ne annabin. An ce ya tashi ya nufi gabas, ya gangara Yafa ya nemi jirgin Tarshish, can yamma. Marubucin ya yi ta maimaita gangarawar: ya gangara gaɓar teku, ya gangara cikin jirgi, ya gangara can ƙasan jirgin ya kwanta barci, daga nan sai ƙarƙashin teku. Ko addu'ar da ya yi a cikin kifi, in ka karanta ta da natsuwa, za ka ga godiya ce mai daɗin ji, amma babu inda ya ce ya yi laifi da ya gudu. Ya fito daga cikin kifi da halin da ya shiga da shi. In dai taurin da ba ya motsi shi ne kamala, to Yunusa ne kamili a labarin nan. Marubucin kuwa abin dariya ya mai da shi, irin dariyar da ke tafe da tausayi.

Wa'azinsa a Nineba kalma biyar ne a Ibrananci. Ya ba su wa'adin kwana arba'in, ya ce za a kifar da birnin. Bai ce su tuba ba, bai ba su wata ƙofa ba. Amma akwai ƙaya a cikin kalmar da ya yi amfani da ita. Ita ce kalmar da littafin Farawa ya yi amfani da ita wajen kifar da Saduma, kuma ita ce dai ake amfani da ita in abu ya juye ya zama wani abu dabam. Malaman Yahudawa na dā sun lura da wannan harshen damo. Nineba ta kifu kuwa, sai dai a zukatan mutanenta abin ya faru, ganuwarta tana tsaye. Sarkinsu bai ce ya san Allah zai yafe ba. Cewa ya yi, wa ya sani, ko ya huce. A kan wannan "wa ya sani" birni guda ya yi azumi. Sura ta uku ta rufe da cewa Allah ya ga sun bar muguwar hanyarsu, sai ya fasa masifar da ya ce zai aukar.

A nan ne rigimar take. Kalmar da aka yi amfani da ita wajen wannan fasawa, "naham", ita ce Bal'amu ya kore wa Allah a Littafin Ƙidaya sura ta 23, inda ya nuna Allah ba ɗan Adam ba ne da zai faɗi magana ya janye. Abin ya fi fitowa fili a littafin Sama'ila na fari, sura ta 15. A aya ta 11 da ta 35 an ce Allah ya yi "naham" da ya naɗa Saul sarki, a aya ta 29 kuma, tsakanin su biyun, Sama'ila ya gaya wa Saul cewa Allah ba ya yin "naham". Sura ɗaya, kalma ɗaya. Wanda ya rubuta surar nan ba mantuwa ya yi ba. Ya ajiye maganganun biyu kusa da juna da gangan, don ya san dukansu gaskiya ne, kuma ba ya so mai karatu ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya. Mai wa'azinmu ya ɗauki aya ta 29 ya tafi da ita, ya bar sauran a tabarma.

Kalmar tana da wuyar juyawa zuwa Hausa. In ka ce Allah ya tuba, ka jingina masa zunubi. In ka ce ya yi nadama, kamar bai san abin da zai faru ba. In ka ce ya canza ra'ayi, ka mai da shi ɗan siyasa. Ni na fi jin daɗin "ya huce" ko "ya sauko", irin yadda muke faɗa game da uban da ya ɗaga bulala, ya ga yaron ya durƙusa, sai ya sauke hannu. Kuma daga wannan tushe ne Ibrananci ya samo kalmar ta'azantarwa, wadda sura ta 40 ta Ishaya ta buɗe da ita. Wato kalmar tun asalinta ta mai zuciya ce, wanda abin da ya sami wani ke taɓa shi.

Gwanintar littafin tana sura ta huɗu, inda marubucin ya fito da abin da ya ɓoye mana tun farko. Har zuwa nan ba a gaya mana dalilin gudun Yunusa ba. Mai karatu zai zaci tsoron Assuriyawa ne. Ashe ba haka ba ne. Cikin fushi Yunusa ya gaya wa Allah cewa tun yana gida ya san haka za ta faru, domin ya san shi mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi, mai saurin saukowa daga hukunci. Dubi wannan da kyau. Annabin bai zargi Allah da sakewa ba. Ƙorafinsa shi ne Allah ya ƙi sakewa. Ya so a ce a kan Nineba kaɗai Allah ya ajiye halinsa na kullum ya zama wani dabam, Allah kuwa ya ƙi. Mu Hausawa mukan ce hali zanen dutse ne, mai hali ba ya fasa halinsa. Yunusa ya san zanen, shi ya sa ya biya kuɗin jirgi.

Siffofin da ya lissafa ba nasa ba ne, daga littafin Fitowa sura ta 34 ya ɗauko su, inda Allah ya bayyana kansa ga Musa. Amma ya yi wata 'yar dabara. A can jerin ya haɗa ƙauna da gaskiya. Yunusa ya kawo ƙaunar, da ya iso kan gaskiya sai ya tsallake ta, ya sa saukowa daga hukunci a gurbinta. Sunan mahaifinsa Amittai daga kalmar gaskiya ya fito a Ibrananci. Ɗan Gaskiya ne yake yi wa Allah habaici cewa jinƙansa ya cinye gaskiyarsa. Yana da abin tsoro kuma, don Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ta ce annabin da maganarsa ba ta cika ba, ba Allah ne ya aiko shi ba. Kwana arba'in za su wuce, birni yana tsaye, shi kuwa ya zama abin nuni. Dattijo ba ya magana biyu, haka muke faɗa. Yunusa ya fi son mutum dubu ɗari da ashirin su mutu da a ce an yi magana biyu da bakinsa.

Da wannan idon, in ka koma ayar Malakai da aka karanta mana rabi, sai ka ga ragowar ta juya wa'azin gaba ɗaya. Sura ta 3 aya ta 6 ce. Bayan Ubangiji ya ce ba ya sakewa, sai ya ce wannan ne dalilin da ya sa zuriyar Yakubu ba su ƙare ba. Aya ta gaba kuma kira ce gare su su juyo gare shi, shi ma zai juyo gare su. Rashin sakewar nan shi ne ya rufa musu asiri. Irmiya ma a sura ta 18, bayan ya ga maginin tukwane yana sake murɗa yumɓun da ya lalace a hannunsa, ya shimfiɗa ƙa'idar a fili: al'ummar da aka yi wa kashedin rushewa, in ta juyo, Allah zai fasa, wadda aka yi wa alkawarin gini, in ta lalace, shi ma zai fasa. Fasawar tana cikin alkawarin tun farko. Ko Zabura ta 102 da ake yawan jawowa, kukan mai ciwo ce wanda ya ga kwanakinsa suna bajewa kamar hayaƙi, kuma bayan ya faɗi dawwamar Allah ya rufe da sa zuciya ga 'ya'yan bayinsa. A kowane wuri an kawo dawwamar ne don wani ya sami abin riƙewa.

Daga ina to aka samo Allah mai kama da dutsen da ba ya ji? Akwai hannun falsafar Girkawa. Aristotil ya yi tunanin wani mai motsa komai wanda shi kansa ba abin da ke motsa shi. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya keɓe tambaya guda a babban littafinsa na tauhidi don tabbatar da cewa Allah ba ya sakewa, bisa hujjar cewa mai sakewa ko dai yana samun abin da ya rasa ne ko yana rasa abin da yake da shi, cikakke kuwa ba ya yin ko ɗaya. Kalbin a ƙarni na 16 ya ce ayoyin fasawar nan Allah ne yake sassauto da magana daidai fahimtarmu, kamar yadda mai reno ke yi wa jariri gwaranci. Ba na raina waɗannan malamai. Abin da suke karewa yana da muhimmanci, domin allahn da ke tashi da hali dabam kowace safiya ba abin dogaro ba ne, kuma babu ɗayansu da ya hana addu'a, dukansu sun yi dogon rubutu a kanta. Amma in aka ciro ƙarshen hujjarsu kawai aka kai ta bagade ba tare da sauran ba, abin da ke isa kunnen tsohuwa shi ne ƙofa a kulle take. Malamin Yahudawa Abraham Heshel, a littafinsa kan annabawa na 1962, ya tsaya kai da fata cewa Allahn annabawa yana jin zafin abin da mutane ke yi wa juna. Marubucin Yunusa ya riga shi da ƙarnuka masu yawa, kuma da labari ya faɗa.

Duk da haka ba zan rufe ido ga inda littafin ya bar ni da ƙaiƙayi ba. Babu muryar waɗanda Nineba ta zalunta a cikinsa. An ambaci muguntar birnin a dunƙule, ba a nuna mana gwauruwa ɗaya ko maraya ɗaya ba. Wanda 'yan bindiga suka kore shi daga ƙauyensa, suka kora shanunsa, in ka karanta masa labarin nan zai iya tambayar ka ko azumin kwana kaɗan ya isa ya wanke jini. Yunusa yana da hujja, marubucin kuwa bai ba shi bakin faɗinta sosai ba. Abin da ya rage mini ƙaiƙayin shi ne, waɗanda suka tara littattafan annabawa sun ajiye littafin Nahum kusa da shi, Mika ne kawai a tsakani. Nahum daga farko har ƙarshe shelar faɗuwar Nineba ce, birnin kuwa ya faɗi a hannun Babilawa da Mediyawa a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu. Sunan Nahum kansa daga tushen "naham" ya fito. Littattafan biyu duka a kan birni ɗaya suke, dukansu sun jawo siffofin nan na Fitowa 34, dukansu kuma da tambaya suka ƙare. Wanda ya karanta Yunusa shi kaɗai zai zaci Allah ba ya hukunci, wanda ya karanta Nahum shi kaɗai zai zaci ba ya yafewa. Hali ɗaya ne ya gamu da Nineba iri biyu.

Sai batun tsiron da ya yi wa Yunusa inuwa. Masana da yawa suna ganin zurma ce, tsofaffin fassarori kuma suka ce duma. Akwai wani labari a kansa da ke ba ni dariya. Wajen shekara ta 403 Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, ya rubuta wa Jerom wasiƙa yana ba shi labarin abin da sabuwar fassararsa ta Latin ta jawo a garin Oya, wato Tarabulus ta Libiya. An karanta wannan sura a majami'a, jama'a suka ji an sauya musu duman da suka saba ji da sunan wani tsiro dabam, sai wuri ya hargitse, har bishop ɗin garin ya mayar da tsohuwar kalma don kada ya wayi gari ba kowa a bayansa. Sun yi daidai abin da Yunusa ya yi. Sun tayar da hankali a kan duma, a cikin surar da take tambayar mutum dalilin da zai sa ya damu da duma fiye da mutane. Sau da yawa abin da muke kira rashin sakewar Allah, sabonmu ne muke so kada a taɓa.

Littafin ya ƙare Allah yana tambayar annabinsa: kai da ka ji tausayin tsiron da ba ka shuka ba, ba ka yi masa ban ruwa ba, ni ba zan ji tausayin babban birni mai mutum fiye da dubu ɗari da ashirin da ba su san dama da hagu ba, ga kuma dabbobi masu yawa? Ba a ba mu amsar Yunusa ba. Yana nan zaune gabas da birni, rana tana dukan kansa. Yahudawa sukan karanta littafin nan gaba ɗaya da yammacin Ranar Kafara, ranar da suka keɓe a shekara don azumi da tuba, kuma na fahimci dalili: mai azumin neman gafara yana bukatar a tuna masa cewa akwai wanda ke saukowa.

Bayan watanni na je gidan gwaggo na tarar tana tsince wake. Na ce zan karanta mata wani abu, ta ce in karanta, kunnenta ba ya cikin tire. Na karanta mata Yunusa daga farko har ƙarshe. Ta yi dariya wurin da aka sa wa dabbobi tsummoki. Da na kai kan maganar sarkin Nineba sai hannunta ya tsaya. Ta ce, "Shi ma bai sani ba ke nan?" Na ce, "Bai sani ba, Gwaggo, cewa kawai ya yi wa ya sani." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in maimaita mata wurin. Ɗanta dai har yau bai dawo ba, labarin ƙarshe da muka ji an gan shi a tashar mota a Agadas. Ban tambaye ta ko ta koma addu'ar asuba ba, ba hurumina ba ne. Ranar da zan tafi ta ce in ninke mata shafin, jikarta za ta riƙa karanta mata.